Yadda ake haɗa laptop da Wi-Fi a ɗakin kwanan ɗalibai ba tare da an yi asarar data ba

Hanyoyi uku ɗalibi ke da su na shigar da laptop intanet a hostel: Wi-Fi na makaranta in ya iso ɗakinsa, hotspot na waya, ko MiFi, wato ƙaramar na'urar da ake sa wa SIM tana watsa Wi-Fi, da 'yan ɗaki suka yi karo-karo suka saya. Haɗawar kanta aikin minti biyu ne. Inda ake shan wahala shi ne zaɓen layin da ke kamawa a ɗakin, da hana Windows cinye data a ɓoye.

Auna sabis kafin ka sayi komai

Ginin hostel siminti ne da rodi, kuma su ne suka fi kashe sigina. Layin da ke gudu a bakin ƙofar gini na iya mutuwa a ɗakin ƙasa da ke can ƙurya. Ka ari wayoyin maƙwabta masu MTN da Airtel da Glo, ka gwada kowane a ɗakinka. Kada ka dogara da sandunan da ke saman allo. A Android, shiga Settings, About phone, SIM status, za ka ga ƙarfin sigina da lamba. A 4G, -80 dBm zuwa -90 ya yi kyau. Daga -110 zuwa ƙasa wahala ce kawai. Ka gwada da dare, wajen ƙarfe 9, lokacin da kowa ya dawo ɗaki yana kallo a waya, domin gudun da ka gani da hantsi ba shi za ka samu a lokacin ba.

Wi-Fi na makaranta

Danna alamar Wi-Fi a kusurwar dama ta ƙasa, ka zaɓi sunan da sashen kula da kwamfuta na makarantar ya sanar. Sunan da ya yi kama da shi amma ba shi ba, ƙyale shi. Kowa na iya buɗe hotspot ya sa masa sunan makaranta don ya tara kalmomin sirrin mutane.

Yawanci bayan haɗawa wani shafi ke fitowa yana neman lambar ɗalibi da kalmar sirri. In bai fito ba, kashe VPN, ka buɗe adireshin da ya fara da http maimakon https, shafin zai bayyana. Inda kuma ake amfani da eduroam, wato Wi-Fi na haɗin gwiwar jami'o'i, sunan shiga cikakke ake rubutawa, mai alamar @ da adireshin makarantar. In an tambayi nau'in tsaro, galibi PEAP ne da MSCHAPv2, sai dai in makarantar ta faɗi wani daban.

Wasu makarantu suna yi wa lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura a kan Wi-Fi, rajista. In haka ne, kashe Random hardware addresses a saitin Wi-Fi, in ba haka ba laptop zai riƙa zuwa da sabuwar lamba ana korarsa.

Hotspot da MiFi

Kunna hotspot, ka sa kalmar sirri ta WPA2. Mafi ƙarancinta haruffa 8 ne, amma a ginin da ɗalibi ɗari ke kwana, ka kai ta 12 zuwa sama, kuma ban da lambar wayarka.

Matsalar da ta fi yawa a nan ita ce waya tana watsawa, wayoyin abokai suna gani, laptop kuwa bai gani. Dalili shi ne tsofaffin laptop da ake saya na hannu da dama ba sa jin zangon 5GHz, sai 2.4GHz. Mayar da hotspot ɗin 2.4GHz, a iPhone kunna Maximize Compatibility. Haka ma in tsaron na kan WPA3, dawo da shi WPA2. In laptop na jin duka biyun kuma na'urar na ɗaki ɗaya da kai, 5GHz ya fi, saboda 2.4GHz cunkushe yake da hotspot na maƙwabta. Shi dai 5GHz ba ya ratsa bango sosai.

Wanda zai daɗe yana aiki shi kaɗai, gara ya jona waya da kebul ya kunna USB tethering. Haɗin ya fi tsayawa, wayar tana samun caji, ba wanda zai roƙi kalmar sirri.

MiFi kuwa, sunanta da kalmar sirrinta suna rubuce a jikinta ko ƙarƙashin batir. Bayan haɗawa, rubuta adireshin da ke kan takardarta a burauza, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ka canja kalmar Wi-Fi da ta shafin gudanarwa, wadda sau da yawa admin ce kawai. A shafin za ka ga jerin na'urorin da ke ciki, ka toshe baƙi. Ajiye ta a taga, a sama, nesa da akwatin ƙarfe. Kada a cusa ta ƙarƙashin matashi tana caji, zafi ke kumbura batir.

Rufe ƙofar da data ke zurarewa

Windows na ɗaukar kowane Wi-Fi tamkar marar iyaka, sai ya fara sauke sabuntawa, kuma babba ɗaya na iya cin gigabait da yawa. Da zarar ka haɗa, shiga Settings, Network & Internet, Wi-Fi, danna sunan haɗin, ka kunna Metered connection. Kowane haɗi daban ake yi masa: na waya daban, na MiFi daban.

Sannan ka shiga Delivery Optimization ka kashe damar musayar sabuntawa da wasu kwamfutoci. Dakatar da OneDrive da Google Drive in ba buƙatarsu kake yi ba. A shafin Data usage akwai jerin manhajojin da suka ci data cikin kwana 30 da suka wuce. Nan ake kama ɓarawon, kafin a fara zargin ɗan ɗaki. Sabuntawar kuma ba a barinta gaba ɗaya. Ɗauki laptop zuwa laburare ko inda Wi-Fi na makaranta ke da ƙarfi, ka yi ta a can.

In ya ƙi

Alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya? Duba Airplane mode, da maɓallin Fn da ke tare da mai hoton eriya. Wasu tsofaffi ma suna da ɗan makunni a gefe. In an sake zuba Windows ne, direba ce babu, wato manhajar da ke sa katin Wi-Fi na laptop aiki. Shiga intanet ta kebul ɗin waya, ka sauke ta daga shafin kamfanin laptop ɗin. In katin ne ya mutu, ƙaramar adaftar Wi-Fi ta USB ta wadatar.

Ya nuna an haɗu amma babu intanet? Fara duba ko data ta ƙare. In da saura, buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin laptop bai samu lamba daga na'urar ba. Rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew, ko ka kashe MiFi ka kunna. In an canja kalmar sirri, danna Forget ka sake shiga.

In kuwa kowane shafi na kukan rashin tsaro, dubi kwanan wata a kusurwar allo. Laptop da ƙaramin batirinsa na agogo ya mutu yakan koma wata tsohuwar shekara, shafuka su ƙi amincewa da shi. Gyara lokacin da hannu, sannan ka kai wa mai gyara ya canja batirin, wanda a da yawa daga cikinsu CR2032 ne.