Darasi na 9: Ganye a Tafkin Kifi

Gidaje da dama a Kaduna, daga Kawo har Barnawa, suna da ɗan tafkin siminti a bayan gida, ana kiwon tarwaɗa ko ƙarfasa. Yawanci a gindin mangwaro ko darbejiya ake gina shi saboda inuwa. Inuwar tana da daɗi, amma bishiyar ba ta daina zubar da ganye.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kaɗo busasshen ganye, da furen mangwaro, da ƙura, har da leda. Ganye yakan fara yawo a saman ruwa. Idan ya jiƙa sai ya nutse, ya kwanta a ƙasa, ya soma ruɓewa. Ruɓewar nan tana cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa.

Ka leƙa tafkinka bayan sallar Asuba, don lokacin ne iskar ruwa ta fi ƙaranci. In ka ga ƙarfasa sun taso sama suna buɗe baki, ruwa ya yi duhu, yana wari kamar bara-gurbi, to ganye ya yi ɓarna. Tarwaɗa tana da juriya, tana iya shaƙar iskar sarari, shi ya sa take ruɗin mai ita. Ba za ta mutu nan da nan ba, sai dai ta rage cin abinci, ta ƙi girma.

Maganin ba ya cin kuɗi. Ka samu tsohuwar rariya, ka ɗaure ta tamau a bakin gora da waya. Kullum da safe, kafin ka zuba abinci, ka kwashe abin da ke yawo a sama. Na ƙasa kuwa a hankali ake jawo shi, kada a dama ruwan. In ruwa ya riga ya ɓaci, ka zubar da kashi 1 cikin 3, ka ƙara sabo. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe a cikin duro, saboda sinadarin kulorin.

Ka shimfiɗa raga a saman tafki, ka ɗaga tsakiyarta da sanda don ganye ya gangara gefe. Amma ban da gidan sauro mai magani! Wani maƙwabcina ya rufe nasa da shi, yana ganin ya yi dabara. Ruwan farko na sauka, maganin ya wanke cikin tafki, da safe sai ga kifi ciki sama.

Ganyen da ka kwashe ka tara shi a rami ya zama taki. Tsohon ruwan kuma ka ba alayyafo.

Aiki: Rubuta sunan bishiyar da ke kusa da tafkinka. Me ya sa ba a rufe tafki da gidan sauro mai magani?