Yadda ake gane kwatabak ɗin da ya kamata a riƙe da wanda za a sallama

Sabbin masu kallon ƙwallon Amurka, wato NFL, kullum wuri ɗaya suke tuntuɓe. Ƙungiya ta sha kashi sau biyu a jere sai ka ji "wallahi a kori kwatabak ɗin nan", sati ya zagayo ya jefa tocdawun uku (wato jifar da aka cafke a ƙarshen filin abokan hamayya aka ci maki) kuma shikenan ya zama gwarzo. Kwatabak dai shi ne jagoran masu kai hari da ke jefa wa abokansa ƙwallo, duk wanda ya iya hana idonsa barci don wasan ƙarfe biyun dare ai ya san shi. Yadda ake auna shi kawai zan faɗa.

Da farko ka ture lissafin nasara gefe. Mutumin nan rabin wasan ma yana benci a zaune, abokansa masu tsaro ne a fili. Trent Dilfer ya ɗauki Super Bowl, wato kofin NFL, da Baltimore Ravens a kakar 2000, amma kowa ya san 'yan tsaro ne suka yi aikin, ko sabunta masa kwantiragi ƙungiyar ba ta yi ba. Su ma gajerun bidiyon YouTube ka rabu da su, jifa biyar masu kyau suke nuna maka su ɓoye talatin.

Na biyu, kar ka yanke wa yaro hukunci kafin ya cika kaka biyu yana farawa, ni dai a wajena wannan doka ce. Peyton Manning a shekararsa ta farko, 1998, sau 28 abokan hamayya suka cafke jifarsa, ƙungiyarsa Colts suka ci wasa 3 suka faɗi 13. Shekara ta gaba suka juya lissafin, 13 da 3. Josh Allen na Buffalo a 2018 kashi 52.8 ne kacal na jifarsa ke isa hannu, a 2020 ya kai 69.2.

To ga inda aikin yake, kuma nan ne mutane ke kasawa: raba laifinsa da laifin na kusa da shi. Ka sake kallon wasan karo na biyu bayan ka san sakamako, hankalinka kwance, wannan karon kar idonka ya bi ƙwallo, ka kafe shi a kan kwatabak. Da an miƙo masa ƙwallo ka fara ƙirga daƙiƙa a bakinka, ɗaya, biyu, uku. In kafin ka rufe baki a kan biyu wani ƙato ya riga ya danne shi, wannan ba laifinsa ba ne, ƙartin nan biyar da ke gabansa ne suka buɗe ƙofa. In kuwa ka wuce uku kana shiga huɗu yana nan rungume da ƙwallo yana waige-waige, to nasa ne, rubuta masa. Sai ka kalli kansa, hular nan ba ta ƙarya, shin tana juyawa daga mai karɓa na farko zuwa na biyu zuwa na uku ko kuwa tun kafin a fara ya zuba wa mutum ɗaya ido har 'yan tsaro sun gane inda za a jefa? Ka kalli ƙafafunsa ma, akwai wanda da ya ji motsi sai ya taka gaba cikin nutsuwa ya jefa, akwai wanda ke ja da baya yana jifa kamar mai korar akuya daga shanya. Jifar da ta sami mai karɓa a tafin hannu ya sake ta, kar ka lissafa masa ita a kuskure.

Kuma duk wannan ka fi yinsa a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya don ta ci yadi goma, lokacin da saura yadi bakwai ko takwas, kowa a filin ya san jifa za a yi. Wanda ya iya a nan ya iya. In data ta yi maka tsada, tsallake sauran ka kalli waɗannan kaɗai, ba su cika wuce sha biyar a wasa ba.

Me ya sa na nace a nan? David Carr sau 76 aka kayar da shi kafin ya jefa a kakar 2002 a Houston, yaron da aka yi wa wannan dukan ta yaya za ka san abin da ya iya? Sam Darnold an gama cewa ba shi da amfani a New York Jets, ya je Minnesota a 2024 suka ci wasa 14. Mutum ɗaya ne, koci da abokan wasa ne suka canza.

Na huɗu, yawan yadi kar ya ruɗe ka. Jameis Winston ya jefa sama da yadi 5,000 a 2019 amma sau 30 yana miƙa wa abokan hamayya ƙwallo. Tampa Bay suka bar shi ya tafi suka kawo Tom Brady, a kakar farko suka ɗauki kofi.

Sai maganar kuɗi. Kowace ƙungiya tana da iyakar albashin da ba za ta wuce ba, a 2024 dala miliyan 255.4 ne, kuma a shekarar Dak Prescott, kwatabak ɗin Dallas Cowboys, ya sa hannu kan miliyan 60 a shekara. Kwatabak mai dama-dama a kwantiragin farko mai araha, riƙe shi. Shi ɗin dai in ya zo neman kuɗin manya, sai a sake tunani. Giants sun ba Daniel Jones miliyan 160 na shekara huɗu a 2023, kafin ƙarshen 2024 sun sallame shi.

Na ƙarshe, waye zai maye gurbin? Cleveland sun rabu da Baker Mayfield a 2022 suka zuba dala miliyan 230 a kan Deshaun Watson, daga baya Mayfield ya je Tampa Bay a 2023 ya kai su gaba, Cleveland kuma suka yi ta cizon yatsa. Kansas City kuwa sai da suka ɗauko Patrick Mahomes a 2017, suka zaunar da shi kaka guda yana koyo a bayan Alex Smith, sannan suka tura Smith Washington. In ba ka da sunan wanda zai shigo, bar na hannunka ya ƙara kaka ɗaya.