Yadda ake raya filin furannin daji a bayan gida

Furen daji ba ya son gata. Tafasa, karkashi, biya-rana da gadagi sun saba da ƙasa mara ƙarfi, kuma da zarar an zuba taki, ciyawa ce ke fara cin moriyarsa, ta tashi ta lulluɓe su. Saboda haka a nemi wurin da rana ke duka wuni guda, jigawa ko mai tsakuwa, nesa da juji da turken awaki. Fili mai mita 4 a tsaye da 5 a kwance ya isa a fara. Ba takin zamani, ba na gargajiya.

Ana tara iri ne da kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, a bakin gonaki da burtali. A tsinki kwanson da ya bushe ya yi ruwan ƙasa, wanda in an girgiza za a ji 'ya'yan na ƙara, kuma kada a kwashe na wuri ɗaya kaf. A shanya a inuwa mako guda, a sussuke, a gauraya da toka saboda ƙwari, a ajiye a takarda ko ƙwarya. Leda na riƙe danshi, irin ya yi fumfuna. A tsince ƙarangiya da kashin yawo. Ƙuduji kuwa, duk kyan furensa, kada ya shigo: a saiwar gero da dawa yake rayuwa, zai kuma tsallaka gonar maƙwabta.

Mafi yawan filayen da suka lalace, a wajen share ƙasa aka yi gaggawa. In ruwan fari ya sauka, kada a shuka. A bar ciyawa ta tsiro, bayan kwana 10 zuwa 14 a kankare ta da fartanya sama-sama, a jira wani tsiron a sake. Kaftu mai zurfi yana tono irin ciyawar da ke kwance a ƙasa. Kiri-kiri da tofa da aya-aya sai an haƙe su har saiwa, don ɗan guntun da ya rage zai sake tohowa.

Sai damina ta zauna a yi shuka: wajen Kano ƙarshen Yuni, Zariya kafin haka, Maradi da Damagaram cikin Yuli. 'Ya'yan tafasa da na biya-rana suna da ɓawo mai tauri, a jiƙa su cikin ruwan zafin da aka sauke daga wuta su kwana. Giram 3 zuwa 5 ya ishi kowace murabba'in mita. A cuɗa awo ɗaya na iri da awo huɗu na yashi, a watsa rabi daga gabas zuwa yamma, rabi daga kudu zuwa arewa, da maraice bayan ruwa. A tattake da ƙafa kawai. Ƙananan iri in an binne su da zurfi ba sa fitowa. A rufe da ƙaya saboda kaji, a kuma duba ko akwai gidan tururuwa kusa, don suna jidar iri.

Bayan mako uku a rage tafasa, a bar gindi ɗaya a kowace mita, in ba haka ba inuwarta za ta kashe karkashi da gadagi. Ciyawa kaɗan, irin su burburwa, tana ƙara wa wurin kyau, amma kyasuwa a cire ta kafin ta fitar da kai. A bar 'yar hanya a tsakiya, a kuma share mita guda tsakanin filin da bango saboda macizai.

In iri ya zube a Nuwamba, a yanke komai da lauje, a bar shi kwana uku ragowar 'ya'yan su kakkaɓe, sannan a kwashe a kai wa dabbobi abin da suke ci. Barinsa ya ruɓe a wurin taki ne, busasshen kuma haɗarin gobara ne da hunturu. Kada a ƙona. A damina ta biyu ba a sake kankare filin, sai dai a cike gurbin da bai fito ba da ragowar iri.