Yadda ake haɗa saba uku su riƙe rumbun bayanai guda

A makarantu da asibitoci da dama a Gombe, kowane sashe da tasa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe bayanansa: ta rajistar ɗalibai tana nishi a makon da aka buɗe rajista, ta ofishin albashi kuwa ba ta da aikin kirki sai ƙarshen wata. Maganin wannan asara shi ne a haɗa injinan su zama gungu guda, kowane sashe ya ɗebi ƙarfin da yake bukata. Kamfanin Oracle ya fito da irin wannan tsari mai suna RAC tun 2001, amma wanda ba shi da kuɗin lasisi zai iya yi da MariaDB, manhajar rumbun bayanai, da Galera, wadda ke kwafar bayanan zuwa kowane inji a gungun, waɗanda kyauta ne.

Da farko a tanadi injina uku. Galera da rinjaye take aiki, saboda haka idan biyu ne kawai kuma wayar da ke tsakaninsu ta katse, kowanne zai ga rabi gare shi, duka biyun su daina karɓar aiki, alhali idan uku ne, ɗaya ya mutu, sauran biyun za su ci gaba. Sai dai kada a jona su duka a inbata ɗaya, domin ranar da batirinta ya gaza tare za su mutu. A kuma nema musu ɗaki mai sanyi da ke rufuwa sosai, saboda ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu.

Daga nan a ɗora musu Linux iri ɗaya da MariaDB fitowa ɗaya, a ba kowanne adireshin IP da ba ya canzawa, a buɗe ƙofofin sadarwa (ports) masu lamba 3306 da 4444 da 4567 da 4568 a tsakaninsu. A fayil ɗin saiti a kunna wsrep_on, a jera adireshin ukun a wsrep_cluster_address, a mayar da binlog_format zuwa ROW. Injin farko kaɗai ake tayarwa da umarnin galera_new_cluster, sauran a kunna su yadda aka saba, su kwafi bayanai daga gare shi. Idan wsrep_cluster_size ya nuna 3, an haɗu. Kowane teburin bayanai ya kasance na InnoDB, tsarin ajiya na MariaDB, kuma da babban mabuɗinsa (primary key), wato abin da ke bambanta kowane layi da sauran. A gaban injinan a ajiye manhajar HAProxy don raba musu masu shiga, sannan a zare wayar inji ɗaya da gangan a ga ko rajista za ta ci gaba.

Abin da ya fi kama mu a nan shi ne tayar da gungun bayan wuta ta ɗauke duka. Ba a fara da wanda hannu ya fara kaiwa. A duba fayil ɗin grastate.dat a kowane inji, wanda ke ɗauke da safe_to_bootstrap: 1 shi ne na fari; idan babu, a nemo wanda lambar rubutun ƙarshe da ya karɓa ta fi girma ta hanyar wsrep-recover, in ba haka ba rasit ɗin da aka yanka a mintunan ƙarshe na iya ɓacewa.

Gungu kuma ba ya maye gurbin ajiyar kwafi, domin duk teburin da akawu ya goge bisa kuskure, nan take zai goge a injinan uku. A riƙa ɗaukar kwafi da mariabackup kowane dare, a ajiye shi a wani gini daban, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da shi a wani inji.