Yadda Ake Sabunta Filin Golf Na Bakin Teku Ba Tare Da An Ɓata Shi Ba

Filin golf na bakin teku ya sha bamban da na cikin gari. Ƙasarsa yashi ce, bishiyoyi ba su da yawa, iska kuwa ba ta hutawa. A ganina kuskuren da ya fi muni shi ne a shigo da katafila a baje tuddan yashin da iska ta shafe ɗaruruwan shekaru tana tarawa. Aikin da aka yi a filin golf na kulob ɗin Royal Portrush, a Ireland ta Arewa, kafin gasar Open ta 2019, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, ya isa misali.

Mataki na farko: a taka filin da ƙafa, ba sau ɗaya ba. A je da safe, a koma da yamma, a lura da inda iska ta fi kaɗowa da inda ruwa ke kwanciya. A nemo tsofaffin hotuna da taswirori don a gane nufin wanda ya fara zana shi. Harry Colt ne ya tsara filin Portrush, kuma da aka ba Martin Ebert aikin gyara, salon Colt ya bi.

Na biyu: a tsare gaɓar teku tukuna. A farkon shekarun 1980 igiyar ruwa ta cinye ƙasa a bayan rami na 5 a Portrush, sai da aka yi aikin kare gaɓar. Inda zaizayar ba ta yi tsanani ba, shinge da dashen ciyawar maram, mai jijiya mai nisa, kan riƙe yashi. A nemi izinin hukumar muhalli tun da wuri.

Na uku: a sake duba jerin ramukan. A Portrush ramuka na 17 da 18 suna kan shimfiɗaɗɗen wuri, sai aka cire su, aka bar wurin don rumfunan 'yan kallo. An gina sababbi biyu, na 7 da na 8, a cikin tuddan yashi, a ƙasar da aka ɗebo daga Valley, wani filin golf na kulob ɗin da ke maƙwabtaka. Har babban kwarmin yashi (tarkon da ƙwallo ke faɗawa ya yi wuyar fitarwa) na tsohon rami na 17, wanda ake kira Big Nellie, an sake yin irinsa a rami na 7, don kada 'yan kulob su ji an raba su da abin da suka saba.

Na huɗu: kwarmin yashi. A sa shi inda ƙwallon gwanaye ke sauka, mai koyo kuwa a bar masa hanyar kewayawa. A filaye da dama, kamar St Andrews a Scotland, ana yanko ciyawa da ƙasarta faifai-faifai, a jera ɗaya kan ɗaya kamar ginin tubali, kowane sahu a ɗan ja shi baya. Bangon kan zube bayan 'yan shekaru, don haka a sa kuɗin sake ginawa cikin lissafi.

Na biyar, kuma nan na fi damuwa: ciyawa da ruwa. A shuka feskiyu, siririyar ciyawa mai jure fari, a rage taki da ban ruwa. Idan launin filin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa a bazara, ba ciwo ba ne. Ƙasa mai tauri ita ke sa ƙwallo ya gangara, har dattijon da ƙarfinsa ya ragu ya buga ƙasa-ƙasa, ƙwallon ya mirgina zuwa bakin rami. Shi ya sa ake barin gaban dandalin rami, wato gajeriyar ciyawar da ke kewaye da ramin, a buɗe.

A ƙara wuraren bugun farko a nesa da kusa, a rage dogayen ciyayin da ke haɗiye ƙwallo. Babban aikin a yi shi lokacin sanyi da 'yan wasa suka ragu, sannan a ba sabuwar ciyawa lokaci ta kama ƙasa. Portrush ta buɗe sababbin ramukanta a 2017, shekara biyu kafin gasar da Shane Lowry ya lashe.