Yadda Ake Haɗa Jarin Fara Ƙaramar Sana'a

Da yawa daga cikin masu cewa rashin jari ne ya hana su fara sana'a, idan aka tambaye su nawa suke bukata, sai su faɗi wani dunƙulallen adadi da suka ƙiyasta da ka, ba su taɓa zama da biro da takarda a kansa ba. Daga wannan zaman neman jari yake farawa, domin wanda bai san adadin da yake nema ba, ko dai ya karɓi abin da bai isa ba sana'ar ta tsaya masa a tsakiyar hanya, ko kuma ya ciwo bashin da ya fi ƙarfinsa.

Ka raba lissafinka gida biyu. Na farko shi ne abin da za a saya sau ɗaya, kamar na'ura da kayan aiki da rajista da gyaran wuri. Na biyu shi ne kuɗin juyawa, wato abin da za ka riƙa sayo haja da shi, ka biya haya da wuta da sufuri, ka kuma ci abinci, kafin ciniki ya kankama. Wannan na biyun ne aka fi mantawa da shi. Na ga wani mai gyaran waya da ya zuba duk abin da ya tara a kan teburi da na'urar narka dalma da fitila da allon talla mai kyau, amma da aka kawo masa wayar farko mai fasasshen gilashi, sai ya rasa kuɗin sayo sabon gilashin, yana ji yana gani mai wayar ya wuce gaba. A ganina, kada mutum ya buɗe ƙofa sai ya ware abin da zai riƙe sana'ar na aƙalla wata uku ko da ba a samu riba ba.

Bayan haka ka sake bin jerin kana ragewa. Na'urar da za a iya ɗauka haya ko a saya ta hannu ba lallai ne a sayi sabuwa ba, kuma aikin da za a iya farawa daga gida bai bukaci shago tun yanzu ba.

Kuɗin da ya fi sauƙi shi ne naka na kanka, ko ta hanyar tari a asusu na daban da ba ka taɓawa, ko adashi da mutanen da ka yarda da su, ko sayar da wata kadara da ke ajiye ba ta amfanar da kai. Ba ya zuwa da kuɗin ruwa, kuma duk wanda za ka tunkara daga baya zai so ya san abin da kai ka fara sakawa.

Akwai kuma jarin da mutane ba sa ɗauka a matsayin jari, alhali shi ya tayar da ƙananan sana'o'i masu ɗimbin yawa: kuɗin abokin ciniki da kayan dila. Idan sana'arka ta yin abu ce bisa oda, kamar ɗinki ko kafinta ko buga takardu, karɓar kafin alƙalami zai sa mai kayan ne ya sayi kayan aikin da kuɗinsa. Idan kuma saye da sayarwa kake yi, dilan da ka saba saro kaya a wurinsa da kuɗi hannu, sau biyar ko sau goma ba tare da matsala ba, yakan yarda ya ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi bayan mako ɗaya ko biyu. Ka fara da kaɗan, ka kai kuɗin tun ranar ba ta cika ba, za ka ga yana ƙara maka da kansa. Rana ɗaya da ka saɓa alkawari tana iya rufe wannan ƙofa.

Game da 'yan'uwa da abokai, abin da ke ɓata zumunci shi ne rashin fayyace matsayin kuɗin tun farko. Kyauta ce, ko rance ne, ko hannun jari? Sau da yawa mai bayarwa yana ganin ya zama abokin tarayya, mai karɓa kuma yana ganin an taimaka masa ne kawai, sai ranar da riba ta zo ko jari ya karye rigima ta tashi. A rubuta adadin da ranar biya da abin da za a yi idan an yi asara, a sa hannu a gaban shaidu, ko da kuwa uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Idan haɗin gwiwa za a yi, tsarin kasuwancin Musulunci ya tanadi hanyoyi bayyanannu. A mudaraba, ɗaya ne ke kawo kuɗi ɗaya kuma aiki, a raba riba bisa kason da aka amince da shi, asarar kuɗi kuma ta faɗa kan mai jarin matuƙar mai aikin bai yi sakaci ko ha'inci ba. A musharaka kowa na zuba kuɗi, kuma ana raba asara gwargwadon abin da kowa ya zuba. Wanda ke guje wa kuɗin ruwa zai iya neman murabaha, inda banki ke sayen na'urar ya sayar masa da ita bisa sananniyar riba, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Rancen banki shi nake ajiyewa a ƙarshe, domin biyansa yakan fara tun sana'a ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Manyan bankuna sukan nemi jingina da tarihin asusu, abin da sabon ɗan kasuwa ba shi da shi. Wannan giɓi ne masanin tattalin arziki Muhammad Yunus ya gani a Bangaladash a 1976, lokacin da ya ranta wa mutum 42 dala 27 gaba ɗaya, aikin da ya zama bankin Grameen mai bayar da ƙananan rance a 1983, har shi da bankin suka samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Sai dai ba kowane mai bayar da ƙaramin rance ne ke da sauƙi ba, saboda haka ka tambayi yadda ake lissafa ruwan. A ce ka karɓi 120,000 na shekara ɗaya bisa ruwa kashi 5 cikin 100 a wata. Idan a kan asalin kuɗin ake lissafawa kowane wata, ruwan zai kama 72,000, kuma a watan ƙarshe, lokacin da 10,000 kawai ta rage a kanka, za ka biya ruwan 6,000. Idan kuwa a kan abin da ya rage ake lissafawa, ruwan duka 39,000 ne. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya, haɗe da kuɗin fom da inshora da tarar jinkiri, sannan ka gwada ta da ribar da kake sa ran samu a watan da kasuwa ba ta yi kyau ba.

Tallafin gwamnatoci da gidauniyoyi yana da daɗi tunda ba a mayarwa, amma masu nema sun fi gurbin yawa, don haka ka cike fom ka ci gaba da harkarka. Duk wanda ya ce sai ka biya kuɗi kafin a saki tallafinka, ɗan damfara ne. Shafukan tara gudummawa ta intanet, irin su Kiva da aka kafa a 2005 da Kickstarter a 2009, ba a kowace ƙasa suke aiki ba, sai ka fara duba sharuɗɗansu.

Ko wa za ka tunkara, ka je da shafi ɗaya da ke nuna abin da za ka sayar, da waɗanda za su saya, da adadin da kake nema da inda kowane kaso zai tafi, da kuma yadda za ka biya. Idan ka riga ka fara ko da a ƙaramin mataki ne, ka haɗa da littafin cinikinka na watannin baya da rasit ɗin sayayyarka, domin su ne abin da mai kuɗi zai fara buɗewa.