Yadda Birni Zai Zaɓa Tsakanin Jirgin Ƙasa da Motocin BRT

Idan birni ya tumbatsa har cunkoson ababen hawa ya fara cinye wa mutane sa'o'in aikinsu, hukumomi sukan tsinci kansu a gaban zaɓi biyu. Na farko shi ne shimfiɗa layin dogo, ko dai na ƙaramin jirgi mai bin gefen titi, ko na babban jirgin birni mai bi ta ƙarƙashin ƙasa ko ta kan gada. Na biyu shi ne tsarin da aka fi sani da BRT, wato manyan motocin bas da ake ware wa hanyarsu su kaɗai, fasinja ya biya kuɗi a tasha kafin mota ta iso, dandamalin tashar kuma ya yi daidai da ƙofar mota yadda za a shiga a fita cikin daƙiƙu kaɗan. Muhawarar takan ɓaci tun daga farko, domin ana fara ta ne da tambayar wanne ya fi burgewa, alhali akwai abubuwan da ya kamata a auna bi da bi kafin a kai ga sunan abin hawa.

A fara da ƙirga fasinjoji, kuma a ƙirga su ta hanyar da ta dace. Yawan mazauna birni ba shi ne ma'auni ba, haka ma jimillar masu tafiya a yini guda. Adadin da ake nema shi ne na mutanen da ke wucewa ta wuri mafi cunkoso a kan hanyar, suna fuskantar ɓangare ɗaya, a cikin sa'a mafi cika da safe. Ana samun wannan ta hanyar tsayar da ma'aikata a bakin titi su ƙirga motocin haya da kimanin mutanen da ke cikinsu, a tambayi matafiya inda suka fito da inda suka nufa, sannan a yi hasashen yadda adadin zai ƙaru nan da shekara 15 ko 20. A ƙiyasin da masana sufuri suka saba amfani da shi, BRT mai layi ɗaya takan ɗauki mutum 10,000 zuwa 15,000 a sa'a, ƙaramin jirgi kuma bai cika wuce 20,000 ba, yayin da babban jirgin birni kan kai 60,000 ko fiye. Akwai togaciya mai muhimmanci: tsarin TransMilenio na birnin Bogota a Kolombiya, wanda aka buɗe a watan Disamba na shekarar 2000, ya kai fiye da mutum 40,000 a sa'a, amma ya iya hakan ne domin yana da layi biyu a kowane ɓangare, inda motar da ba za ta tsaya a wata tasha ba take wuce wadda ta tsaya. Birnin da titinsa ba shi da wannan faɗin kada ya sa ran samun wannan adadi.

Hasashen nan kuma kada a bar shi a hannun wanda ke neman kwangilar. Binciken da Bent Flyvbjerg, masanin manyan ayyukan gine-gine, da abokan aikinsa suka buga a 2005 ya nuna cewa a cikin kowane ayyukan layin dogo 10 da suka duba, 9 an zuzuta yawan fasinjojin da za su samu, kuma a matsakaici hasashen ya ninka abin da aka gani bayan buɗewa. Saboda haka yana da kyau a ba wani kamfani dabam, wanda ba shi da riba a ginin, ya sake lissafin, a kuma tambayi kai ko aikin zai tsaya da ƙafarsa idan rabin fasinjojin da aka yi alkawari ne kawai suka zo.

Bayan ƙidaya sai maganar fili, kuma a nan ne BRT ta fi yawan faɗuwa. Arharta ta samo asali ne daga amfani da titin da yake akwai, wanda ke nufin dole a ƙwace layi ɗaya ko biyu daga hannun masu motocin kansu, kuma su ne mutanen da muryarsu ta fi isa kunnen hukuma. Birnin Delhi na Indiya ya buɗe hanyar BRT mai tsawon kimanin kilomita 6 a 2008, masu motoci suka yi ta ƙorafi har magana ta je kotu, a 2016 aka rushe ta. Hanyar ta yi gajarta da yawa har fasinja bai ga wata riba ta a-zo-a-gani ba, mai mota kuwa yana ganin asararsa kullum. Don haka shugabanni su tambayi kansu da gaskiya ko za su iya jure wannan matsin lamba, su sa shinge na kankare maimakon fenti, su hana kowa shiga layin har da ayarin manyan jami'ai, su kuma ba motocin BRT fifiko a mahaɗar tituna. Idan amsar ita ce a'a, abin da za a samu motocin bas ne masu sabon fenti da ke maƙale a cunkoso ɗaya da kowa, kuma gara a san haka tun kafin a ci bashi. Jirgi yakan kauce wa wannan rikici ta hanyar hawa gada ko shiga rami, sai dai kaucewar ita ce ke ninka kuɗinsa.

Kuɗin gini shi ne abin da kowa ya fi ambato, kuma bambancin a bayyane yake. Kilomita ɗaya ta BRT takan ci daga dala miliyan 5 zuwa 20, ƙaramin jirgi ya ninka wannan, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa sau da yawa yakan haura dala miliyan 100 a kowace kilomita. Ma'anar haka ita ce kuɗin da zai gina layin jirgi guda zai iya shimfiɗa hanyoyin BRT da dama da za su ratsa unguwanni daban-daban. Lokaci ma yana cikin lissafi. Legas ta buɗe BRT ɗinta ta farko mai kilomita 22 a 2008, amma kashin farko na layin jirginta na Blue Line, mai kilomita 13 kacal, ya shafe fiye da shekara 10 ana gini kafin ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023.

A ganina, abin da ya fi kuɗin gini muhimmanci shi ne kuɗin riƙewa, domin sayen doki ba shi ne wahala ba, harawarsa ta kullum ce. Addis Ababa ta buɗe ƙaramin jirginta a 2015 kan dala miliyan 475, mafi yawansu rance daga Sin, kuma cikin 'yan shekaru fiye da rabin jiragenta 41 suka tsaya saboda rashin kayan gyara, waɗanda sai da kuɗin waje ake sayo su. Kada mai goyon bayan bas ya yi saurin murna da wannan labari. Dar es Salaam ta buɗe BRT mai kimanin kilomita 21 a 2016, ta samu yabo sosai a farko, sai ga shi an gina garejin motocin a Jangwani, kwarin da ambaliya ke cikawa da damina, motoci suka lalace, fasinjoji suka koma jira mai tsawo a tashoshi masu cunkoso. Abin da za a rubuta a takarda tun kafin sa hannu shi ne kuɗin shekara 30 gaba ɗaya: albashi, mai ko wutar lantarki, kayan gyara, da sauya ababen hawa. Motar bas takan tsufa a cikin shekara 12 ko makamancin haka, taragon jirgi kuwa yakan yi 30 zuwa 40. Direba ɗaya yana jan jirgi mai ɗauke da mutum 1,000, yayin da doguwar bas mai gaɓa uku ba ta cika wuce mutum 270 ba, saboda haka inda albashi yake da tsada kuma fasinja suke da yawa, jirgi yakan rama tsadar gininsa a hankali. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa kuwa, sai an haɗa da kuɗin samar wa jirgin tasa wutar. Kuɗin tikiti shi kaɗai ba kasafai yake biyan duk wannan ba, don haka a fayyace daga wace taska tallafin zai riƙa fitowa kowace shekara.

Sai masu motocin haya da ke cin abinci a kan hanyar tun kafin a yi tunanin aikin. Kowane tsari aka zaɓa zai taɓa su, amma BRT ta fi ba da damar shigo da su ciki. Birnin Meziko ya yi haka a 2005 lokacin da ya buɗe Metrobús a titin Insurgentes, inda masu ƙananan bas suka haɗu suka kafa kamfanin da ke tafiyar da mafi yawan sababbin motocin, Johannesburg ma ta bi irin wannan hanya da tsarin Rea Vaya daga 2009. Tattaunawar takan ɗauki shekaru, don haka a fara ta tare da zanen aikin.

Inda layin zai bi da inda tashoshi za su zauna su ma suna iya kashe aiki mai kyau. Jirgin birnin Abuja da aka buɗe a 2018 ya rasa fasinja tun kafin annobar korona ta tsayar da shi a 2020, kuma babban dalili shi ne tashoshinsa da dama sun yi nisa da gidaje da wuraren aiki, wasu ma babu titin kirki da ke kaiwa gare su. Curitiba ta Brazil, wadda ta fara tsarin BRT a 1974 a zamanin magajin gari Jaime Lerner, ta yi akasin haka: dokar gini ta karkata dogayen benaye zuwa gefen hanyoyin bas, ta yadda birnin ya girma a jikin layin.

Zaɓin kuma ba na har abada ba ne, kuma ba lallai ya zama ɗaya tilo ga dukan birni ba. Dakar ta buɗe jirginta na TER a ƙarshen 2021 domin hanyar da ta miƙe zuwa garin Diamniadio da ke wajen birnin, sannan a 2024 ta ƙara BRT mai aiki da lantarki a wata hanyar ta cikin gari. Ottawa ta Kanada ta fara da hanyar bas ta musamman a 1983, da motocin suka cushe tsakiyar gari sai ta haƙa rami ta mayar da babban layin na jirgi a 2019. Bogota ma, bayan shekaru fiye da 20 motocinta suna cika maƙil, tana gina layin jirginta na farko a kan gada. Birnin da ƙidayarsa ta nuna bai kai matsayin jirgi ba tukuna zai iya fara BRT, amma ya zana hanyar da lanƙwasa da gangaren da jirgi zai iya bi nan gaba, ya yi gadoji masu ɗaukar nauyinsa, ya kuma mallaki filin gareji da na manyan tashoshi tun yanzu, kafin gine-gine su cinye wurin kuɗin diyya ya ninka.